Amfilifayar Jita Mai Bawul: Tsohon Amo Da Amon Zamani

Duk wanda ya tashi a gidan da ake da tsohon akwatin rediyo zai iya tuna cewa idan aka kunna shi ba ya magana nan take, sai an ɗan dakata waɗansu kwalabe da ke cikinsa sun yi ja sun ɗauki zafi tukuna. Waɗannan kwalabe su ne masu gyaran rediyo ke kira bawul. Tun daga shekarar 1947 da masana uku na ɗakin binciken kamfanin Bell a ƙasar Amurka suka ƙago tiransista, sai bawul ya shiga ja da baya, har ya ɓace daga rediyo da talabijin da kwamfuta, domin tiransista ta fi shi ƙanƙanta da araha, ga shi kuma ba ta fashewa, ba ta cin wuta.

Amma fa akwai wurin da bawul ya ƙi sauka daga karagarsa, watau cikin amfilifayar jita, na'urar nan da ke ƙara ƙarfin kiɗan jitar lantarki kafin ya fito ta lasifika. Har yau manyan makaɗa na duniya suna biyan dubban daloli a kan amfilifaya mai bawul, kuma sun kasu kashi biyu: masu neman abin da suke kira tsohon amo, irin na shekarun 1950 da 1960, da masu neman amon zamani. Mutane da yawa suna zaton bambancin na shekaru ne ko na tsada. Gaskiyar magana ita ce, bambancin yana ga wurin da amon yake karyewa a cikin na'urar. Wanda ya gane wannan ba zai zubar da kuɗinsa a kan suna kawai ba.

YADDA NA'URAR KE AIKI

Idan makaɗi ya taɓa tsirkiyar jita, maganaɗisun da ke ƙarƙashinta yana mai da motsin zuwa 'yar wutar lantarki wadda ba ta isa ta motsa lasifika ba. Amfilifaya tana da sashe biyu da ke ɗaga wannan wuta. Sashen farko yana da ƙananan bawul, galibi samfurin da ake kira 12AX7, wanda Turawan Ingila ke kira ECC83, kuma a nan ne ake gyara launin amon. Sashen ƙarshe yana da manyan bawul, irin su 6L6 wanda kamfanin RCA ya fito da shi cikin 1936, ko 6V6, ko EL34, ko EL84, kuma su ne ke tura wutar ta cikin taransifoma zuwa lasifika. Akwai kuma sashen da ke ba su abinci, watau wanda ke karɓar wutar bango ya daidaita ta.

Kowace amfilifaya tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Muddin ba a kai wannan iyaka ba, amon yana fita garau. Da zarar an ƙetare ta, sai amon ya karye ya yi kaushi. To, a nan ne bawul ya sha bamban. Tiransista a cikin na'ura maras dabara tana datse amon farat ɗaya kamar an sa almakashi, abin da ke haifar da ƙara mai sukar kunne. Shi kuwa bawul a hankali yake danne shi, yana ƙara masa waɗansu amo da za mu iya kira 'ya'yan amo. Alal misali, idan tsirkiya tana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa ɗaya, za a ji wani amo mai kaɗawa sau 880 da wani mai 1,320 sun biyo shi, su sa shi ya yi kauri ya daɗe bai mutu ba. Injiniyoyin farko sun ɗauki wannan kaushi a matsayin aibi. Makaɗa ne suka mai da shi ado.

TSOHON AMO: GIDAJE UKU

Tsohon amo gida uku ne, ɗaya a Amurka, biyu a Ingila.

Gida na farko shi ne na Leo Fender, wani mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. Cikin 1952 ya fito da amfilifaya mai suna Bassman domin jita mai kaurin murya, amma sai masu kaɗa jitar gama-gari suka karɓe ta. Samfurinta na 1959, mai lasifika huɗu 'yan inci 10 da ƙarfin da ya kai kimanin wat 45, shi ake ɗauka kakan amfilifayoyi masu yawa da suka biyo baya. Cikin 1963 kuma kamfanin ya fito da Deluxe Reverb mai wat 22 da bawul 6V6 guda biyu, da kuma Twin Reverb mai wat 85 da bawul 6L6 guda huɗu da lasifika biyu 'yan inci 12. An san waɗannan biyun da amo garau mai ƙyalli, mai kaurin ƙasa da zaƙin sama, wanda aka rage masa tsakiya, ga kuma amsa-kuwwa da ake samarwa ta hanyar waɗansu siraran wayoyi nannaɗaɗɗu. Deluxe tana fara kaushi da wuri domin ƙarfinta kaɗan ne. Twin kuwa sai ta kusa kurmantar da mutum ba ta karye ba. Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS cikin Janairun 1965 a kan dala miliyan 13, shi ya sa masu tara kayan tarihi suka fi daraja waɗanda aka ƙera kafin wannan ciniki.

Gida na biyu shi ne Vox, wanda Tom Jennings da injiniyansa Dick Denney suka gina a garin Dartford. A ƙarshen shekarun 1950 suka fito da AC15, sa'an nan AC30 mai wat 30 da bawul EL84 guda huɗu. Akwai wata dabara da injiniyoyi ke yi ta mayar da ɗan abin da ya fito daga na'ura zuwa cikinta domin a ladabtar da amon, kamar linzami a bakin doki. AC30 ba ta da wannan linzami, saboda haka amonta yana da ƙararrawa, kuma yana shiga kaushi sannu a hankali ba tare da an ji inda ya soma ba. Da ita ƙungiyar The Shadows da ta The Beatles suka yi suna, kuma Brian May na ƙungiyar Queen ya riƙe ta tsawon rayuwarsa ta kiɗa.

Gida na uku na Jim Marshall ne, wani mai koyar da kiɗan ganga da ke da kanti a unguwar Hanwell ta birnin Landan. Kayan Amurka suna da tsada a Ingila a lokacin, sai shi da abokan aikinsa Ken Bran da Dudley Craven suka kwaikwayi tsarin Bassman suka fito da JTM45 cikin 1962. Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sun sa bawul ECC83 a bakin ƙofa a maimakon 12AY7 mai sanyin hali da Fender ya sa, suka yi amfani da taransifomar Ingila, suka kuma zuba lasifikar Celestion huɗu 'yan inci 12 cikin akwati rufaffe. Sai amon ya fito da cikar tsakiya da gurnani. Eric Clapton ya nuna wa duniya wannan amo a faifan da ya yi da John Mayall cikin 1966. Da makaɗa irin su Pete Townshend suka nemi ƙarin ƙarfi, sai aka yi Super Lead mai wat 100 cikin 1965, wadda daga baya ta koma amfani da bawul EL34, kuma ita ce Jimi Hendrix ya shahara da ita. Lambarta 1959, amma kada mai karatu ya ɗauka shekarar ƙirarta ke nan.

Abin da ya haɗa gidajen nan uku shi ne, babu wata hanyar samun cikakken kaushi sai an murɗa ƙarar har manyan bawul na sashen ƙarshe sun jigata. A lokacin nan taransifoma da lasifika duk suna aiki a bakin iyakarsu. A waɗanda ke da bawul a sashen daidaita wuta, irin su Bassman da AC30 da JTM45, idan makaɗi ya doki tsirkiya da ƙarfi wutar takan ɗan yi sanyi sa'an nan ta farfaɗo, sai a ji amon kamar yana numfashi. Makaɗi ya taɓa a hankali amo ya fita garau, ya danna ya yi gurnani. Watau linzamin yana hannun mai kiɗa.

MATSALAR ƘARA

Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Farashin tsohon amo shi ne ƙara mai cutarwa, kuma ya kamata ɗalibanmu na kimiyya su lura da lissafin. Ana auna ƙara da disibal. Idan aka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, disibal 3 kacal ke ƙaruwa, saboda haka mai wat 50 ba ta yi rabin mai wat 100 a kunne ba, kusan kai ɗaya suke. Sai an ninka ƙarfi sau goma kafin kunne ya ji ƙarar ta ninka sau biyu. Lasifikar da ke ba da disibal 100 da wat ɗaya a nisan mita ɗaya, idan aka ba ta wat 100 za ta doshi disibal 120. Alhali kuwa hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar kada mutum ya wuce awa 8 cikin ƙarar disibal 85, kuma duk ƙarin disibal 3 a raba lokacin biyu. A disibal 100 minti 15 ne kawai. Pete Townshend kansa ya sha bayyana yadda jinsa ya samu rauni. Kunnen da ya lalace ta wannan hanya ba ya komawa yadda yake.

AMON ZAMANI

Neman kaushi ba tare da rushe ɗaki ba shi ya haifi amon zamani. Wani mai gyara a Kalifoniya mai suna Randall Smith ya fara da cusa manyan kaya cikin 'yar ƙaramar Fender Princeton, daga nan a farkon shekarun 1970 ya kafa Mesa/Boogie a kan wata sabuwar dabara. Ya jera ƙananan bawul na sashen farko bi da bi, wannan yana tura wancan, ta yadda amon zai karye tun a zaure kafin ya isa cikin gida. Sa'an nan ya sa abin murɗawa na biyu wanda ke ƙayyade yawan abin da zai wuce zuwa manyan bawul. Da haka makaɗi zai samu amo mai ja kamar goge ko da ƙarar ba ta kai ta damu maƙwabta ba. Carlos Santana na cikin waɗanda suka fara rungumar ta. Marshall ma ya bi sahu da samfurin 2203 cikin 1975, wanda ya zama JCM800 cikin 1981.

Daga nan aka shiga tsere. Ƙungiyar Metallica ta yi amfani da Mesa Mark IIC+ a faifanta na 1986. Mike Soldano ya fito da SLO-100 cikin 1987, wadda Eric Clapton da Mark Knopfler suka yi aiki da ita. Cikin 1992 kamfanin Peavey ya ƙera 5150 tare da Eddie Van Halen, mai wat 120 da ƙananan bawul biyar, wadda aka sauya wa suna zuwa 6505 bayan sun raba gari. A farkon shekarun 1990 ɗin ne kuma Mesa ta fito da Dual Rectifier, wadda ke ba makaɗi zaɓi tsakanin daidaita wuta da bawul, mai laushi, ko da silikon, mai tsauri. A ƙasar Jamus Peter Diezel ya yi VH4 mai hanyoyin amo huɗu, kowace da nata abubuwan murɗawa, ana sauyawa da taka ƙafa.

A irin waɗannan na'urori aikin sashen ƙarshe ya sauya. Ba a son ya karye, ana son ya tsaya ƙyam ya isar da abin da sashen farko ya dafa. Shi ya sa ake ba shi wat 100 ko fiye, da linzami mai ƙarfi, kuma ana rage kaurin ƙasa kafin amon ya shiga jerin bawul don kada ya cakuɗe. Sakamakon shi ne amo matsattse, mai tsayawa cak da zarar makaɗi ya danne tsirkiya, wanda kiɗan heavy metal mai sauri ba ya yiwuwa sai da shi.

IDAN AKA JERA SU

Mai son amo garau wanda ba ya karyewa, kamar yadda ake bukata a kiɗan highlife da juju da jazz inda jita biyu ko uku ke saƙa da juna, Twin Reverb ce ta dace da shi, sai dai ya shirya wa nauyin kilo 29. Mai kiɗan blues a ƙaramin zaure ko ɗakin ɗaukar faifai, Deluxe Reverb ko AC15 za su ba shi kaushin manyan bawul a ƙarar da kunne zai jure. Mai son tsohon kiɗan rock, Marshall ce gidansa, amma mai wat 100 ba ta nuna halinta sai a fili, ko kuwa a sa mata na'urar da ke shanye wani kaso na ƙarfin tsakaninta da lasifika. Wanda kuwa yake kaɗa salo iri-iri a dare guda, ko yake son kaushi mai yawa, sai ya nufi Mesa ko Soldano ko Diezel.

Kowane ɓangare da hasararsa. Tsohuwar ƙira ba ta rufa wa makaɗi asiri, duk kuskuren yatsa sai ya fito, kuma murya ɗaya gare ta. Amma kayan cikinta kaɗan ne, mai gyara nagari zai iya bin wayoyinta da ido. Sabuwar ƙira tana da muryoyi da yawa, amma yawan kaushi yana daidaita taɓawa mai ƙarfi da mai taushi har su zama ɗaya, yana kuma jawo shuuu a bayan kiɗa, kuma idan ta lalace gyaranta sai gwani. Haka nan kada a manta da lasifika da akwatinta. Amfilifaya ɗaya a akwati buɗaɗɗen baya da kuma rufaffe takan zama kamar na'ura biyu dabam.

TSADA DA SUNA

Tsakanin ɓangarorin biyu akwai masu ƙira da hannu, waɗanda ke yin kaɗan su sayar da tsada. Wanda ya fi shahara shi ne Alexander Dumble na Kalifoniya, wanda ya rasu cikin 2022. An ƙiyasta bai ƙera fiye da kimanin 300 ba duk rayuwarsa, kowace kuma yakan daidaita ta da hannun wanda zai kaɗa ta, irin su Robben Ford da Larry Carlton. Samfurinsa Overdrive Special ya ɗauki tsaftar Fender ya haɗa da kaushin sashen farko. Yau ana sayar da su dubban daloli gommai, wani lokaci fiye da dala 100,000. Wannan farashi na ƙarancin kaya ne da tarihi, kuma na'urar da aka daidaita don hannun wani ba lalle ta karɓi hannun wani ba.

MAKOMAR BAWUL

Akwai wata barazana kuma. Manyan masana'antun bawul na Amurka da Ingila sun daina yin irin waɗannan tun tuni. Yawancin sababbin bawul na jita suna fitowa ne daga wurare ƙalilan: wata masana'anta a birnin Saratov na ƙasar Rasha, da kamfanin JJ Electronic a ƙasar Sulobakiya, da waɗansu a ƙasar Sin. Cikin Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, labarin hana fitar da kaya daga Rasha ya sa kantuna suka ƙare, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Manyan bawul kuwa kamar tayar mota suke, tilas a sauya su idan sun gaji.

A gefe guda kuma na'urori masu kwaikwayon bawul da lissafin kwamfuta suna ta ƙaruwa, tun daga POD na kamfanin Line 6 cikin 1998 zuwa Kemper cikin 2011. Fender da kansa ya fito da Twin Reverb maras bawul cikin 2019, mai nauyin kilo 15. Tun ma kafin haka Roland JC-120 ta Japan, mai tiransista, wadda ta fito cikin 1975, ta nuna cewa amo garau mai daɗi ba gadon bawul ba ne shi kaɗai.

ABIN LURA GA MAI SAYE

Maganar nan ba ta yi mana nisa ba, ganin yadda makaɗan jita na Agadas irin su Bombino da Mdou Moctar suka kai kiɗansu manyan dandamalin Turai da Amurka, matasa kuma suna ta koyi. Wanda zai sayo amfilifaya mai bawul zuwa ƙasashenmu ya kula da abubuwa huɗu. Na farko, wadda aka ƙera don kasuwar Amurka bolt 120 take sha, wutarmu kuwa 220 zuwa 240 ce, saboda haka sai da taransifomar rage wuta, in ba haka ba nan take za ta ƙone. Wutar janareta mai hawa da sauka ma tana rage mata kwana. Na biyu, kada a taɓa kunna ta ba a haɗa lasifika ba, kuma a tabbata lambar om ta lasifikar, 4 ko 8 ko 16, ta dace da ta na'urar, don kada taransifomarta ta lalace. Na uku, cikinta akwai wutar da ta kai bolt 400 zuwa 500, kuma kwandansa na iya riƙe ta bayan an zare waya daga bango. Wanda bai san aikin ba kada ya buɗe, domin tana iya kisa. Na huɗu, bawul yana fitar da zafi, ga namu zafin ga ƙurar hunturu, sai a bar mata iska a baya, a kuma bari ta huce kafin a ɗauke ta.

Kafin ya ƙirga kuɗinsa, mai saye ya tambayi kansa girman wurin da zai riƙa kiɗa, da irin kiɗan, da kuma inda zai samu bawul da mai gyara. Sa'an nan ya je da jitarsa ya gwada na'urar a daidai ƙarar da zai yi aiki da ita, domin amfilifaya mai wat 100 da aka shaƙe a ɗaki ba ta kai 'yar wat 15 da aka sake ta ta yi numfashi ba.